Kofin Arnold a Mashayar Baƙin Rago

Duk yaron da ya tashi a Titin Kasuwa, a hannun Arnold Ogden ya fara haɗa baƙi, ko ya sani ko bai sani ba. Ba wai malamin makaranta ba ne, mai fentin alluna ne. Sunan mahauci, na mai burodi, na mai gyaran takalma, duk wani suna da ke saman ƙofa tun daga gadar jirgin ƙasa har bakin masaƙa, hannunsa ne ya rubuta. Dogo ne siriri, kai ka ce tsaninsa ne ya haife shi. Yana da ɗabi'ar soke buroshi a bayan kunne, don haka ba a taɓa ganin kunnensa na dama babu fenti ba. Yau ja, gobe kore. Mutanen titi kan dubi kunnen su gane shagon da ake yi wa aiki.

Aikin da ya fi ji da shi shi ne allon mashayar Baƙin Rago, wadda ke tsakiyar titin daura da gidan waya. Yana saurayi ya zana shi. To garinmu garin ulu ne, a nan arewacin Ingila babu wanda za a nuna wa rago, saboda haka ba a ƙyale shi ba. Clifford mahauci, abokinsa tun suna firamare, ya rantse ragunan da ya yanka sun fi gashin kansa yawa, amma bai taɓa ganin mai fuskar tsoho Holroyd ba, wato mai mashayar. Gaskiyar Clifford ce kuwa, har ɗaure girar iri ɗaya ce. Holroyd ya daɗe yana kallon allon, ya ce a rataye shi haka, ragon ya yi kwarjini.

A cikin mashayar, saman kantar da ake zuba giya, akwai wani baƙin katako da ya gitta daga bango zuwa bango, an jera masa ƙugiyoyi. Kowace ƙugiya da kofinta, kowane kofi da mai shi. Kofunan ƙarfe ne masu mariƙi. Arziki ba ya ba mutum ƙugiya. Sai ka daɗe kana zuwa, an san ka an san ubanka, sannan wata rana Holroyd zai ce maka, ba tare da ya dube ka ba, “Gobe ka zo da kofinka.” Akwai mazan da suka fi murnar wannan rana a kan ranar aurensu, matansu ma sun sani. Ƙa'idar ita ce mai ƙugiya ba ya buɗe baki ya ce a zuba masa. Da ya turo ƙofa, mai tsaron kanta za ta miƙa hannu sama, ko kai ba za ta ɗaga ba, ta sauko da kofinsa. Kafin ya ƙaraso an cika.

Mavis ce mai tsaron kantar. 'Yar gajera ce, sai ta taka wani dandamalin katako take kaiwa ga ƙugiyoyin, amma bakinta kam ya kai ko'ina. Ta kori ƙattin masaƙa uku a lokaci guda da tsumman goge kanta, ana kallo.

Ƙofar gidan kuwa tun zamanin da mutane ba su da tsawo aka yi ta. Arnold sai ya sunkuya yake shiga. In ya shiga ya miƙe, sai ya cire hula, ya buga ta a gwiwa, ya ce, “Akwai mai rai a gidan nan?” Mavis kuma, hannunta na sama, ta ce, “Ka makara.” Ko da shi ne ya fara zuwa, ko da yanzu aka zare sakata, ka makara ce. Da wannan aka yi neman auren, wallahi babu ƙari. Clifford ya ce bai taɓa ganin zance mai arha irin wannan ba. Allah bai ba su haihuwa ba, ba su kuma zauna suna kuka a kai ba. Shi yana kan tsani da rana, ita tana bayan kanta da yamma, a tsakani akwai wannan ƙofar. Haka suka yi shekara arba'in da wani abu.

Sai masaƙa ta rufe. Bayanta aka gina wani katafaren kanti a bayan gari, filin ajiye motocinsa kaɗai ya fi filin ƙwallonmu girma. Kada wani ya ce maka gwamnati ce kaɗai ta kashe Titin Kasuwa. Mu ne. Mu ne muke wucewa ta ƙofar Clifford da ledojin kantin nan niƙi-niƙi muna sunkuyar da kai kamar ba mu gan shi ba. Mai burodi ya fara tafiya, sai mai takalma, sai banki, sai gidan waya. Clifford ya rataye wuƙaƙensa. 'Yan shagunan da suka rage suka koma allunan roba masu wutar lantarki, waɗanda ake bugowa a inji, abin takaici. Allunan Arnold suka yi ta ɓamɓarewa a saman ƙofofin da aka danne da katako, yana wucewa yana ganin haruffansa na zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Holroyd ya rasu, wani kamfani ya sayi mashayar, ya ja ta 'yan shekaru, ya ce ba ta kawo riba. Ranar da za a rufe, kowa ya sauke kofinsa ya tafi da shi gida. Ba a yi jawabi ba, mutanenmu ba su iya wannan ba. Mavis ta naɗe na Arnold a tawul, ta tura shi can ƙuryar kabad.

Ciwon mantuwarta a hankali ya shigo. Da farko butar shayi a cikin firji, aka yi dariya. Sai sunayen maƙwabta, sai hanyar gida. Wata safiya Arnold ya ajiye mata shayi da madara yadda take so, ta ɗago ta dube shi da fara'a ta ce, “Na gode, bawan Allah. Kai ne sabon mai haya?”

Tun daga ranar ya zama bawan Allah. Shi ke yi mata wanka, shi ke taje mata gashi, shi ke yanka mata burodi ƙanana, tana yi masa godiya a kan kowanne. Wannan godiyar ita ta fi ci masa rai. Matar da ba ta taɓa ce masa sannu ba sai ta haɗa da tsiya, yau ita ce mai ladabi. Yakan ce da Clifford da ma ta zage shi.

Kuma ba wai ta manta da Arnold ba ne, nan ne ciwon yake. Kullum da la'asar sai ta ɗauki rigar sanyinta ta ce, “Bari in tafi aiki, kada Arnold ya shigo bai same ni ba.” Shi kuma ya ɗauki hula ya raka ta. Su gangara titin, su wuce shagunan da ke rufe, su tsaya gaban Baƙin Rago. Tagogi a danne, ciyawa a bakin ƙofa, allon ya koɗe har ragon ya zama inuwa.

“Ba su buɗe ba tukuna,” in ji shi.

“Holroyd ya fara lalaci,” in ji ta. Su juyo gida.

Yana tsaye kusa da ita, hannunta a cikin nasa, tana ɗokin ganinsa. Kewarta yake yi, kewa mai tsanani, alhali gado ɗaya suke kwana. Abin da yake so a duniya bai wuce guda ba: ta dube shi sau ɗaya ta san shi ne, ta kira sunansa, kafin ɗayansu ya tafi.

Ana nan sai labari ya zo cewa kamfanin zai rushe ginin. Jikar Holroyd, Kirsty, wadda ke aikin jinya a birni, ta dawo ta tara mutane a zauren coci. Ta gaji girar kakanta da taurin kansa. Ta ce a yi karo-karo a sayi gidan ya zama na unguwa, a gyara shi da hannu. Kowa ya kama kallon takalminsa. Wanda ya fara ɗaga hannu shi ne Rafiq mai shagon jarida da kayan shayi, mutumin da bai taɓa ɗanɗana giya ba.

“Ni ba na sha, ba kuma da tsufana zan fara ba,” in ji shi. “Amma tun da aka kashe fitilar gidan nan, rana na faɗuwa titin ke mutuwa. Ni kaɗai nake zama da kuliyoyi. A buɗe shi. A dai riƙa dafa shayi na kirki.”

“Ka ji mutum,” in ji Clifford. “Mu mashayan muna zaune, mai salla ya riga mu.”

Kunya ta sa hannuwa suka yi ta tashi. Arnold kuwa a daren bai yi barci ba. Tunani ɗaya ya riƙe shi: in gidan ya dawo yadda yake, wataƙila ita ma ta dawo.

An sha fama kafin kamfanin ya sallama, wannan labari ne daban mai ban haushi. Ranar da aka ɓalle katakon ƙofa, wari ne ya fara yi musu maraba. Kashin tattabaru ya kai idon sawu, rufin ɗakin baya ya rufto, har wata bishiya ta tsiro a bututun hayaƙi. Amma baƙin katakon nan na nan daram, ƙugiyoyinsa sun yi tsatsa, babu wadda ta faɗi. Arnold ya tsaya a ƙarƙashinsa ya daɗe bai motsa ba.

Kullum da safe yakan kai Mavis shagon Rafiq, ta zauna kusa da na'urar ɗumama ɗaki, matar Rafiq na ba ta shayi suna hira, kowacce da nata labarin. Shi kuma ya tsallaka ya kama kankare bango. Tsoho ne da ya haura saba'in, amma samarin ba sa kamo shi.

Rigimar ta tashi ne ranar da magini ya ce za a ɗaga ƙofar gaba a faɗaɗa ta, a kuma cire katakon ƙugiyoyi a sa fitilu.

“Sai dai ku haɗa da ni ku cire,” in ji Arnold.

“Haba Kawu Arnold,” in ji Kirsty. “Kai da kanka sau nawa ka fasa goshi a ƙofar nan? Mai keken guragu ta ina zai shiga? Mai goyo a keken jarirai fa? Ba gidan tarihi muke ginawa ba.”

“Ki fasa bango ki yi musu tasu ƙofar. Wannan ba a taɓa ta.”

“Kofunan kuma fa? Masu su rabi suna maƙabarta. Yanzu kofin gilashi ake yayi, injin wanki ba ya son na ƙarfe.”

“To injin ya yi haƙuri.”

Ya jefar da abin kankare bangon ya fita. Clifford ne ya ja Kirsty gefe ya gaya mata zancen tafiyar la'asar. Yarinyar ma'aikaciyar jinya ce, ta san ciwon. Washegari ta ce wa magini a buɗe sabuwar ƙofa mai faɗi ta gefen lungu, tsohuwar a bar ta yadda take. Har dandamalin da Mavis ke takawa ta sa aka sake ƙerawa.

Amma Clifford bai bar abokinsa haka ba. Ya same shi a bayan mashayar yana wanke buroshi.

“Kai dogo, gini ne fa wannan. Ba asibiti ba ne.”

“Na sani.”

“Ba ka sani ba. Na san abin da ke ranka tun muna cin duka a aji ɗaya. In ta shigo ba ta gane komai ba fa? Ka shirya?”

“Ka gama? Miƙo min tsumman can.”

Bai shirya ba. Wa ke iya shirya wa wannan?

Daga nan ya shiga bin gidaje neman kofuna. Ya same su a wurare masu ban dariya da ban tausayi. Matar marigayi Harold tana zuba maƙalan shanya a nasa. Wani an shuka fure a ciki. Wani kuma ɗan mai shi ya sayar wa 'yan gwangwan, sai da aka bi sawu har kasuwar Lahadi. Kusan duk gidan da ya shiga sai an zaunar da shi an ba shi shayi an yi hirar mamacin, a ƙarshe a ce, “To in an buɗe za mu zo mu ga inda aka rataye shi.” Mutanen da suka shekara ba su taka titin ba suka fara leƙowa.

Gida ɗaya ne aka hana shi. Matar marigayi Pickles ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko ce ya shigo ba.

“Kofin? Yana nan. Ba zan bayar ba. Ku kuna tuna waƙa da dariya, Arnold. Ni ina tuna ranar Juma'a, in tsaya a taga da yara ina jiran albashin da ya riga ya shige cikin kofin nan. Sau nawa na je na fizge shi daga ƙugiya, ya lallaɓa ya mayar?”

Arnold ya cire hula ya ce gaskiyarta ce. Bai sake roƙo ba. Ya bar ƙugiyar Pickles ba kofi.

Allon ragon kuwa a bakin titi ya zana shi, a kan benci biyu, don Kirsty ta hana shi hawa tsani. Hannunsa na rawa in ya ɗauki cokali, amma in ya ɗauki buroshi sai ya tsaya cak. Yara suka kewaye shi, ba su taɓa ganin ana rubutu da hannu a allo ba. Wata yarinya da ta kama tsohon shagon burodi ta zo ta ce ko zai rubuta mata nata. Bayanta sai mai gyaran kekuna, sai Rafiq ya ce a sauke masa na robar nan. Kunnen Arnold ya koma canza launi. Ba duka titin ne ya farfaɗo ba, kada in yi maka ƙarya. Banki bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba, shagon Clifford har yau a danne yake. Amma an koma jin ƙamshin burodi da safe.

Clifford ya zagaya sabon allon yana taɓe baki. “Tabɗi. Wancan Holroyd ne. Wannan kuwa kai ne sak, har dogon wuyan. Rago mai kama da wanda aka yi wa rasuwa.”

Ranar Lahadi da hantsi aka buɗe. Arnold ya tashi tun da sassafe ya yi wanka na gani na faɗa. Ya dirje kunnen nan da sabulu har ya yi ja, ya sa kwat ɗin da yake zuwa biki da jana'iza da ita, ya taje gashi, ya bar tsohuwar hular a aljihu. So yake ta gan shi tsaf. Ya sa wa Mavis rigarta shuɗiya. Da suka iso, jama'a sun cika ƙofar gaba, ga kuma tudun dokin ƙofar, sai ya bi da ita ta sabuwar ƙofar lungu, yana riƙe da gwiwar hannunta.

Ciki ya cika maƙil. Wuta na ci a murhu, kofuna na sheƙi a sama, Rafiq na gefe da butar shayinsa. Aka yi ta “Ga Mavis! Ga Mavis!” Ita kuwa ta ƙanƙame jakarta. Ta dubi bangon da ke warin sabon fenti, ta dubi fuskokin da suka tsufa ba da saninta ba.

“Ba nan ba ne,” in ji ta. “Bawan Allah, don Allah kai ni gida. Ban san mutanen nan ba.”

Duk kashin tattabarun da Arnold ya kwashe, duk ƙofofin da ya ƙwanƙwasa, ga inda suka ƙare. Clifford ya kau da kai. Arnold ya ce, “To, mu je,” da wata murya da ba tasa ba. Ya juya da ita, hanyar ta bi da su ta ƙarshen kanta, ta inda ma'aikata ke shiga. Nan ta ja ta tsaya. Ta ɗaga kai.

“Wane sakaran ne ya rataye kofunan nan?”

Sakaran dai Arnold ne. Ya san jerin sarai, amma daga gaban kanta ya san shi, inda ya shekara arba'in yana tsayawa. Da ya zo ratayewa sai ya shiga ta baya ya fara daga hagunsa kamar yadda ya saba gani. Jerin gaba ɗaya ya juye, na farko ya koma ƙarshe. Duk masu shan ba wanda ya lura.

Mavis ta ajiye jaka a kan kanta. Ta ture Kirsty da gwiwar hannu, “Matsa, 'yar nan,” ta taka dandamali ba wanda ya riƙe ta. Ta shiga saukewa tana mayarwa tana mita.

“Harold a nan yake, kusa da agogo. Sai ƙanensa mai tari. Wannan na Clifford ne, kullum mariƙin da maiƙo, ƙazamin banza.”

“Na gode, Mavis,” in ji Clifford, hawaye na bin kumatunsa.

Ta kai ga ƙugiyar da ba kofi, ta yi tsaki. “Matar Pickles ta sake zuwa ke nan. Baiwar Allah, ba laifinta.”

Na ƙarshe shi ne mai lotsawa a gefe, da ɗigon koren fenti a mariƙi. Ta goge shi da hannun rigarta, a hankali, ta rataye shi a ƙugiyar da ke daidai saman kanta. Ta dubi agogo. Sannan ta juyo wajen tsohon da ke tsaye kusa da ita cikin kwat, mai tsabtataccen kunne.

“Bawan Allah, ko ka ga Arnold a hanya? Dogo ne, da fenti a kunne. Ba ya kai wa haka.”

Arnold ya dube ta, ya dubi tsohuwar ƙofar da ke fuskantarta. Sai a lokacin ya gane wautarsa. A gidan nan Mavis ba ta taɓa ganinsa a gefenta ba, ba ta taɓa ganinsa cikin kwat ba. Shigowa yake yi.

“Na gan shi,” in ji shi. “Yana tafe.”

Ya fita ta ƙofar lungu. A bayan mashayar gwangwanayen fentinsa na nan a jere. Ya tuɓe kwat ɗin ya rataye a kan shinge, ya ɓalle murfin kore, ya tsoma yatsa ya shafa a bayan kunnen dama. Ya zaro tsohuwar hular ya kifa. Ya bi lungu ya ɓullo titi. Ana ɗan yayyafi. Ga allon mai burodi, ga na mai kekuna, ga ragon yana lilo a sama, amma ko ɗaya bai kalla ba. Zuciyarsa na bugawa kamar ranar da Holroyd ya ce ya zo da kofinsa. Mutanen da ke bakin ƙofa suka dare suka ba shi hanya.

Ya tura ƙofar. Ya sunkuya, ya shiga, ya miƙe. Ya cire hula ya buga ta a gwiwa.

“Akwai mai rai a gidan nan?”

Hannun Mavis ya tafi sama, ko kai ba ta ɗaga ba. Kofin ya sauko.

“Ka makara, Arnold Ogden.” Ta kama famfon giyar, Kirsty ta ɗora hannu a kan nata suka ja tare. “Dubi kunnenka don Allah. Sai ka ce ba ka da mata a gida. Kuma ina rigar sanyinka a wannan ruwan? So kake ka kwanta min ciwo?”

“Na manta ta.”

“Kanka ma da ba a manne yake ba da ka manta shi. Ungo.”

Ya karɓa da hannu biyu, don ɗaya ba zai iya ba. Ta tsaya tana kallonsa, shi ɗin, cikin ido, da wannan hararar da ya yi shekara da shekaru yana nema. Babu wanda ya yi tafi, mutanenmu sun san abin da ya kamata. Clifford ya juya ya kama gardamar ƙwallo da ƙarfi, sauran suka taya shi, aka bar su su biyu.

A hankali Arnold ya sha, don kada ya ƙare. Ta yi masa faɗan tsanin da ya bari a tsakar gida, tsanin da aka sayar tun tuni. Ya ba ta haƙuri. Ta tambaye shi me zai ci da dare. Ya ce duk abin da ta dafa.

Kafin ya kai ƙasan kofin, wani ya yi dariya da ƙarfi a bayansa, ta waiwaya. Da ta juyo, hararar ta tafi. Fara'ar nan ta baƙi ce ta dawo. Ta karɓi kofin, ta ɗauraye, ta goge, ta mayar da shi ƙugiyarsa. Ta dubi agogo, ta dubi ƙofa.

“Bawan Allah,” in ji ta, “ba ka ga Arnold ba?”

“Yana tafe,” in ji shi.

Ya ɗauki hularsa daga kan kanta, ya nufi ƙofar lungu.